Irin Ta Inna

Tana ɗaga labulen ɗakin likita, sai ga innarta zaune a kan benci. Ita da ta ce wa Inna za ta kasuwar Gure sayen dabino, ga ta a ɗakin tazarar haihuwa, da goyon wata bakwai a baya.

Inna ta kau da kai. Yarinyar 'yar fari ce, don haka tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, saboda kunya.

Likitar ta baje kaya a tebur. "Ga ƙwaya, kullum ɗaya. Ga allura, duk wata uku. Wannan kuma ashana ce, ana sa ta a dantse, tana yin shekaru. Wacce kike so, ƙanwata?"

Yarinyar dai jira kawai take faɗan Inna ya sauka.

Inna ta gyara murya, idonta a bango. Ta naɗe hannun riga, ta shafa dantsenta.

"Likita, gaya wa waccan yarinyar ta ɗauki irin tawa, ba zafi. Ita da ke manta tukunya a wuta, ina za ta tuna ƙwaya kullum?"