Sabon Ƙarfi a Kan Tsohon Giyabos

Ka ce za ka ƙara wa motarka ƙarfi ko? To, gyara zama. Ni dai ko aji biyu ban gama ba, amma a garin nan babu injin da zai yi tari ban gaya maka abin da ya sha jiya ba. Bari in ba ka misalin wani mutum.

Mutumin nan yana da wata tsohuwar mota otomatik, irin wadda ita ke canza wa kanta giya in ta ga dama. Garinsu kuwa a kan tudu yake. Hawa ɗaya ne tal, amma kamar an jingina tsani a bango. Duk ƙarshen wata yakan sauko da mahaifiyarsa asibiti a duba mata gwiwa, don ƙafafun sun daina ɗaukarta, sannan ya mai da ita gida. Dangi kuma ba sa barin kujera ta tafi a banza, wannan da buhun taki, wancan da jarkar manja. In an iso gindin hawan, kowa ya san doka: maza su sauka su taka da ƙafa, a bar tsohuwa a kujerar gaba, shi kuma ya ja sandar giya zuwa ta ƙasa, mota ta kama hawa tana nishi kamar mai naƙuda. Tana da nawa, gaskiya, amma ba ta taɓa fasa ajiye tsohuwa a ƙofar ɗakinta ba. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne 'yan zaman benci na wajen mai shayi a gindin hawan. Da sun hango shi sai su fara: "Ga Hajiya Kunkuru nan ta iso, jama'a a sauka a girmama ta." Maganar nan ta fi shekara tana sukarsa a ƙahon zuci.

Ya tafi gareji wurin wani tsohon bakanike. Tsohon ya zaro sandar auna man giya, ya shinshina, ya goga a yatsa, ya ga ya yi baƙi kamar bayan tukunya. Ya ce masa duk ƙarfin da injin ya haifa, ta hannun giyabos yake bi kafin ya kai ga taya, kuma wannan injin da wannan giyabos tare suka tsufa, kowa ya san iyakar ɗan'uwansa. In yana son ƙarfin ja, to a fara gyara mai ɗaukar kayan tukuna. In ba haka ba, ya ci gaba da sauke mazan. Mutumin ya ji kamar an ce masa ya mutu yana kunkuru. Sai ya tsallaka garejin gaba, inda ba a taɓa ce wa mai mota a'a ba. Suka yanke salansa suka jona ƙaton bututu. Suka ɗaura masa turbo ɗan Kwatano, abin nan mai kama da katantanwa da ke hura wa injin iska. Suka buɗe wa mai hanya ya riƙa kwarara. Giyabos kuwa ko leƙa shi ba su yi ba, don shi ba ya ruri, kuma mai mota abin da kunnensa zai ji yake so.

Ranar dawowa daga asibiti, ya tsaya daidai gaban bencin, ya ce yau ba mai sauka. Har ma ya kira biyu daga cikin masu tsiyar ya ce su matso su shiga, akwai wuri. Ya taka totur. Rabin hawan nan motar ta cinye shi kamar ba ita ba, tsohuwa ta dafe ƙofa tana salati. Daga nan sai abu ya canza. Kukan injin na ƙaruwa, tafiya na raguwa. Wani ƙauri ya taso daga ƙasa kamar tuwo ya kama a tukunya. Ya ƙara takawa, injin ya yi ihu har awakin kan dutse suka watse, amma taya ba ta ji kira ba. Mota ta tsaya, ta yi tunani, ta fara komawa da baya. Ya danne birki, maza suka dire suna neman duwatsun tokare taya. Ya ja sandar zuwa giyar ƙasa, tsohuwar abokiyar tafiyarsa, ita ma ta mutu, giyabos ya ƙone. Mutum shida suka tura har jijiyar wuya ta fito, mota ta ce ba da ita ba.

Rana ta karkata, babu wata mota a hanya, tsohuwa ba ta iya taku biyar. Sai ya cire hula ya cusa a aljihu, ya durƙusa, aka ɗora masa ita a baya, aka ɗaure da mayafinta. Haka ya hau sauran hawan, yana nishin da ya fi na motar, masu tsiyar biyu na biye da shi riƙe da takalmanta. Magana ɗaya ta yi masa a hanya: "Ɗan nan, da ka bar ta da nishinta, da yanzu na yi alwalar la'asar."

Injin yana nan lafiya lau. Ni da hannuna na tayar da shi bayan an janyo motar ƙasa, ya yi rurin da sai da mai shayi ya zubar da madara, amma ko taku ɗaya ba ta yi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba akan samo rama.