Kujerar Kifi

Tun da doka ta ba kifi kujera a majalisar bakin teku, Inna Tasalla mai bandar kifi ba ta taɓa fashin zama ba. Wani shuɗin akwati aka ɗora a kujerar, yana sauraron kifaye ta igiyar da aka zura cikin ruwa. Duk lokacin da masunta suka nemi a buɗe mashigin ruwa don kamun kifi, sai ya yi ta gurnani, kifaye ba su yarda ba ke nan. Shekara shida ana haka, har murhun Tasalla ya yi sanyi.

Ranar Laraba Sarkin Ruwa Mudi ya sake tambaya. Masunta suka ɗaga hannu, masu banda suka ɗaga, aka juya ga akwatin. Ko tari bai yi ba.

"Shiru ma magana ce," in ji Mudi. "Sun yarda. Gobe kowa ya fito da komarsa."

Aka watse ana murna. Tasalla ta matsa ta kara kunne a jikin akwatin. Fitilarsa na ci, lafiyarsa ƙalau.

"Inna, ba ki yi murna ba?" in ji Mudi.

"Ranka ya daɗe, na san shirun mai yarda," ta ce. "Wannan kam shirun kufai ne."