Baƙin Rami a Hanyar Gwaram

Motar ta bar ƙofar asibitin Birnin Kudu da hantsi. An naɗe kujerun baya an shimfiɗa katifa, Malam Hambali yana kwance a kai, 'yarsa Nasiha tana zaune a gefensa ta tanƙwashe ƙafa. Ƙanenta Abdulnasir yana gaba kusa da direba. Tun kafin su fita daga gari direban ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Da sassafe ta baro jami'ar da take karatun digiri na uku, daga ita sai jaka a kafaɗa. Ba ta karya ba, ba ta kuma jin yunwa.

"Baba, na samo amsar," ta ce.

Malam Hambali ya daɗe yana koyar da lissafi a wata firamare a Gwaram kafin ya ajiye aiki. Duk gidan shi kaɗai ne bai taɓa yi wa karatunta dariya ba. Ranar da ta gaya masa tana bincike a kan baƙin rami, wurin nan na sararin samaniya da ko haske ya faɗa ba ya fitowa, tambaya ɗaya ya yi mata: in an taɓa shi, yana komawa daidai ko wargajewa yake yi? Daga nan ta zame masa jiki. Duk wayar da za su yi, kafin ya ajiye sai ya ce, "Ramin naki ya tsaya?" Ita kuma ta ce, "Tukuna, Baba."

Nata ramin ba a wannan saman yake ba. A lissafi ta gina shi, cikin wata duniya shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, tsawo da faɗi kawai, inda ƙarfin da ke janyo abubuwa shi ma yake da nauyin kansa. Masana sun daɗe suna jayayya ko irin wannan rami zai iya ɗorewa.

Ta faro masa daga tushe, a hankali, yadda yake so.

"In nauyin ya yi daidai, Baba, aka girgiza ramin, zai yi amo kamar tasar da aka buga. Amon ya yi ta raguwa har ya ɗauke, ramin ya koma yadda yake. In nauyin ya haura wata iyaka, girgizar ba ta lafawa, sai ƙaruwa. Iyakar nake nema tun fari. Na gano ta."

Taya ta faɗa wani gurbi a titi, kansa ya zame daga matashi. Ta tallabo shi ta mayar, ta gyara masa mayafi, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

A wani shinge jami'in tsaro ya leƙo ta taga, ya ja da baya, ya ɗaga musu hannu su wuce. Wayar Abdulnasir ba ta huta ba. Duk wanda ya kira, amsar ɗaya ce, ƙasa-ƙasa: "Muna hanya."

Tun makon jiya ta gama lissafin. Mahaifinta ya kira ta a ranar, ya yi tambayar da ya saba, ta ce masa tukuna. So ta yi ta zo gida ta faɗa masa ido da ido, ta ga yadda zai ture hula baya ya ce ta sake maimaitawa.

Gonakin gero da dawa suna ta wucewa ta gilashi, kore shar. Tana kallonsu kamar hoto. Ba ta daina bayani ba. Ta bi masa mataki-mataki, har wurin da ta yi kuskure sau da yawa kafin ta gane inda matsalar take. Bai katse ta ba.

Tana kai ƙarshe motar ta shiga layinsu, ta tsaya.

"Ya tsaya, Baba," ta ce.

Abdulnasir ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Ya ɗan jima yana kallonta, sannan ya dafa kafaɗarta.

"Yaya, sauko haka nan. Masu wanka suna jira, da an idar da Azahar za a sallace shi."