Wa da Ƙane a Gaban Ɓauna

Ka ce yayanka ya cika faɗa, kullum sai ya sami abin gyarawa a aikinka. To zauna, Malam, in ba ka misalin wasu maharba biyu, wa da ƙane, da aka yi a wani ƙauye na bakin kogi.

Wan ya tsufa, gwiwarsa ta hagu ta daina ɗaukarsa nesa, don haka farauta ta koma hannun ƙanen, shi kuwa bai iya kuskure ba. Barewa da gada yake harbi, kuma harsashinsa bai taɓa ba shi kunya ba. Wata shekara da kaka sai wani bijimin ɓauna da garke ya kora ya sauka a fadama, yana tattake shinkafa, har ya karya wa wata mai ɗiban ruwa haƙarƙari. Ma'aikatan daji suka ba da izinin kashe shi, mai gari ya aika wa ƙanen. Da wan ya ji, sai ya ɗauko harsasai biyu, nasa da na ƙanensa, tsawonsu ɗaya, sheƙinsu ɗaya. Ya cire kawunan, ya sa zarto ya raba kowanne. Na ƙanen, dalmar ta zame daga rigarta ta jan ƙarfe kamar gyaɗa daga ɓawo. Nasa kuwa an narka dalmar ta kama rigar, ko da wuƙa ba ta ɓanɓaruwa. Ya ce wa ƙanen ya ɗauki irin nasa, don ƙashin ɓauna ba na barewa ba ne. Ƙanen ya yi dariya, ya ce, “Yaya, da ido ake harbi.” Wan ya yi ta mita har abinci ya huce. Da safe ƙanen ya kama hanya, yana waiwayowa sai ya ga tsohon a bayansa, yana ɗingishi da bindiga a kafaɗa, yana cewa shi gonarsa zai duba, alhali ba shi da gona a wannan shiyyar.

Suka tarar da bijimin cikin gamba a bakin ruwa. Ƙanen ya auna kafaɗa ya harba, kuma inda ya auna nan ya samu. Bijimin ya durƙusa, ya miƙe, ya sunkuyar da ƙaho ya yo kansu. Ƙanen ya zo ɗura harsashi na biyu, sai ya suɓuce masa cikin laka. Akwai itacen giyayya kusa, wan ma ya fi kusa da shi. Bai je ya fake ba. Ya ja gurguwar ƙafarsa ya shiga gaban ƙanensa, ya bari sai da ya ji hucin dabbar, sannan ya ja kunama. Bijimin ya kife, ƙahonsa ya huda ƙasa dab da takalmin tsohon. Wajen fiɗa aka ga komai. Harsashin farko ya daki allon kafaɗa, rigar ta tuɓe, dalmar ta watse cikin nama, zurfin bai kai tafin hannu ba. Na wan kuwa ya fasa ƙashi, ya ratsa zuciya, ya tsaya ƙarƙashin fatar ɗaya gefen. Bakin harsashin ya baje kamar laimar kwaɗi, amma dalma da jan ƙarfe suna rungume da juna, da nauyinsu.

A komowa gwiwar tsohon ta ƙi sam, sai ƙanen ya goya shi. Tun daga fadama har ƙofar gida yana kan bayansa yana faɗa: an cika sauri, an bi ta ƙaya, an bar hularsa a daji. Ƙanen yana tafe hawaye na zuba, yana cewa, “To, Yaya. Na ji, Yaya.” Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.