Harafi Ɗaya a Allo

Ina yarinya a Tsafe, Malam ya ɗaga bulala don na kasa nuna harafi. Idona garau, amma in rubutu ya cika allo sai ya cakuɗe mini.

Innata, da ta kawo masa fura, ta ce, "Allah gafarta Malam, ba taurin kai ba ne. Idonta na gani, ƙwaƙwalwar ce ba ta rarrabe tarin abu. A wanke allon, a rubuta ɗaya tak."

Ya wanke, ya rubuta. Sai ga harafin ba, baƙi wuluk, da ɗigonsa a ƙasa!

Yanzu jikana ake duka a firamare don ya kasa karatu, wai likita a Gusau ya ce idonsa lafiya. Ni ban yi boko ba, amma gobe malaminsa zai saurare ni, ko da zan yini a ƙofar ajin.