Ƙasusuwan Baltazar

"Nan ne," in ji tsohuwa Amelia, ta dungura sandarta a gindin mangwaro. "Ku tona."

Duarte ya cire hula. Shekara da shekaru yana bin sawun kakan kakansa, Baltazar Meireles, Baturen da ya yi fataucin hauren giwa da bayi a nan garin Kelimane. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa Amelia kaɗai ta san kabarin.

Aka tono ƙasusuwa, aka naɗe a farin ƙyalle, aka sa cikin akwati. Duarte da 'yan'uwansa suka saɓa a kafaɗa, suka nufi mota can bakin titi, rana na dukansu, gumi na tsiyaya. A Lisbon za su binne shi, cikin kabarin marmara.

Zaida, jikar tsohuwar, ta kasa haƙuri. "Haba Kaka! Mutumin da ya sayar da danginmu kamar awaki, shi kika taimaka a karrama? Har da su murmushi?"

Amelia ba ta ɗauke ido daga kan masu ɗauke da akwatin ba.

"Wane Baltazar? Kakata ta tura shi kogi, kadoji suka gama da shi. Wancan na cikin akwatin mijinta ne, Chapepa. Duk rayuwarsa shi ke ɗaukar Baltazar a kafaɗa gari-gari. Ranar da ya yi tuntuɓe, da bulala aka kashe shi."

Sai ta ɗaga murya.

"A hankali dai, samari! Kar wanda ya kuskura ya yi tuntuɓe!"