Basarke a Bakin Teku

Tunda ka ce aikin da za ka je yi can ba baƙonka ba ne, ajiye jakar nan tukuna in ba ka misali. Kai ma na ga ƙafarka ba ta son ƙasa.

An yi wani Basarke a ƙasar Yawuri, shekara talatin yana su a kogin Kwara. Mutum ne da bai iya zama ba, ko tuwo a tsaye yake ci. Da kifi ya ja baya a kogi, sai ya sayar da tarunsa da bijimin da matarsa ta yi kiwo, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da rabin buhun gero, ya gangara kudu har bakin teku. Abin da ya zo da shi kaf ya zuba a kan wani ɗan kwalekwale mai cin mutum ɗaya. Kwalekwalen nan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, in babu shi babu abin aikawa gida. Wani tsohon masunci na wurin ya gan shi yana ta kai da kawo a kan rairayi, ya kira shi ya ce, "Baƙo, ruwan nan ba irin naku ba ne. Igiyoyinsa ayari suke zuwa, manya a jere, sannan ya ɗan numfasa. A numfashin nan ake shiga, a cikinsa ake fita. Ka ɗaure kayanka tamau. Goshin jirgi ko gindinsa za ka ba igiya, kada ka kuskura ka ba ta haƙarƙari." Basarke ya ce to, ya yi godiya, amma a ransa cewa yake, yau ni za a koya wa ruwa? Ni da aka yanke wa cibiya a cikin jirgi?

Washegari da sassafe masunta suka jeru a gaɓa suna kallon ruwa suna ƙirga igiyoyi. Gogan naka ya ƙirga biyu ya gaji, ya tura jirgi ya faɗa. Igiya ta mare shi a ƙirji, ta cika masa rabin jirgi, amma da ƙarfin damtse ya ratsa. Wallahi da ta kifar da shi a lokacin, da ta yi masa gata, don wannan sa'ar ita ta ƙara masa girman kai. Ya kwashe ruwan, ya yi nisa, Allah kuma ya ba shi. Kafin azahar kwandonsa ya cika maƙil da kifin da bai ma san sunansa ba. Kwandon kuwa bai ɗaure ba, don a kogi wa ke ɗaure kwando?

Da ya juyo, sai ya tarar da sauran jirage sun yi cirko-cirko a bayan inda ruwa ke fashewa, kowa yana waiwaye yana jiran numfashin. Can a gaɓa ga mata masu sayen kifi, wasu har sun fara ɗora kwanukansu a ka za su tafi. Hankalinsa ya tashi. Ya dubi kifi, ya dubi rana, ya tuna rabin buhun geron nan da ba ya ƙaruwa. Ya gyara zama, ya sake gyarawa, tafin hannunsa sai ƙaiƙayi yake. Amma a ba shi haƙƙinsa, wannan karon ya cije ya jira. Babbar igiya ta ƙarshe ta ɗaga shi ta wuce, ya bi bayanta da filafili, yana tuƙi kamar ransa zai fita, goshin jirgi a miƙe sak. Saura bai fi taku goma ba ya taɓa rairayi. To, a kogin Kwara in ka iso gaɓa, filafili kake kafawa ka murɗa jirgi ya kwanta a jikin gaci, ka sauka ƙafarka a bushe. Ya yi haka sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani. Tsohon nan yana gaɓa yana ihu, "Miƙe! Miƙe!" Ina! Hannu ya riga kai. Jirgi ya juya ya kwanta, ya miƙa wa teku haƙarƙarinsa, ita kuwa ba ta mai da kyauta. Igiyar da ke biye ta ɗauke shi ta kife, ta ja shi baya, ta sake maka shi da ƙasa, jirgin ya tsage tun daga goshi har ciki. Kifi ya koma gidansu. Aka jawo Basarke yana aman ruwan gishiri, hannunsa riƙe da filafili gam, shi kaɗai ya rage masa. Ya zauna a kan rairayi ya yi kuka, kuka na gaske, babban mutum da furfura, don bai san da bakin da zai gaya wa matarsa inda bijiminta ya tafi ba.

Ka lura, ba rashin iyawa ne ya kayar da shi ba, iyawar ce. Saboda haka in ka isa can, ka zauna ka ƙirga tukuna, ka sa wa hannunka ido fiye da yadda kake sa wa abin da ba ka sani ba a wurin. Ai masu iya magana sun gama zance da suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.